Ƙwayar Da Gwaggo Ta Ce Alli Ce

To shi ne fa na ce mata, "Gwaggo, wannan ba a ɗanɗana shi." Kafin in rufe baki har ta ɓallo ƙwaya ɗaya daga katin, ta cilla baki, ta kora da ruwan randa, ta koma kan tabarma ta miƙe ƙafa tana jiran ta ji abin da zai faru. Maganin Babana ne fa, wanda aka rubuto masa daga asibiti jiya-jiya. Ita kuwa lafiyarta ƙalau, ko mura ba ta yi.

Ku yi haƙuri, na faro muku daga tsakiya. Haka nake in abu ya cika mini ciki. Bari in koma baya.

Gwaggo yayar Babana ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goya shi bayan mahaifiyarsu ta rasu, kuma har yau da yake da furfura a gemu ba ta yarda ya girma ba. Tana zaune a Madabo, mu muna Gwammaja, amma duk maganin da zai shiga cikin ɗan gidanmu sai ya bi ta bakinta tukuna. Doka ce. Ta sha maganin tsutsar ciki na ƙannena, ta sha na ciwon haƙorin Umma, har maganin ido ta taɓa ɗigawa a idonta mai lafiya, ta ce yana da yaji, a ci gaba. Ma'auninta guda ne: magani in magani ne, ka ji shi a jikinka. Ya yi ɗaci, ko ya sa ka gumi, ko ya kai ka banɗaki, ko ya kayar da kai. Wanda bai yi ko ɗaya ba, an cuce ka ne.

Sannan tana da gwangwani. Wani tsohon gwangwanin madara ne babba, duk wanda ya warke a dangi ragowar maganinsa can take komawa. Ba ta san sunan ko ɗaya ba, da kala take gane su: ja-da-yalo, fari mai tsaga, ɗan kore. Matan lungunsu in kai ya sara ko ciki ya murɗa wurinta suke zuwa, ta zazzage gwangwanin a faifai tana tonawa kamar mai tsintar shinkafa. Sadaka take yi tsakaninta da Allah. Wasu ƙwayoyin cikin gwangwanin nan na tabbata sun girme ni.

Shi kuwa Baba wankin hula ne sana'arsa. In ka bi ta bakin titinmu da hantsi za ka ga huluna jere a rana, kowace an kifa ta a kan icenta, sun sha sitati sun tsaya ƙyam kamar masu jiran liman. Kuma Baba mutum ne mai mita. Miya ta yi gishiri, mita. An bar buta a hanya, mita. Wani ya zo da hula ya cusa ta a aljihu, sai ya yi masa wa'azi kafin ya karɓa. Mun tashi da muryarsa a kunne kamar rediyon da ba a kashewa.

Sai rediyon ya mutu. Ba rana ɗaya ba, a hankali. Ya fara da daina zama a majalisarsu bayan la'asar. Sai ya koma buɗe shago da azahar. Sai ya daina buɗewa. Tuwo a kai masa a ɗauko shi yadda aka kai. Da safe idonsa jawur, Umma ta ce bai runtsa ba. In an yi sallama a zaure sai ka ga ya zabura yana dafe ƙirji, wai gabansa faɗuwa yake yi. Yawancin yini yana kwance ya ba mu baya yana kallon bango. Babu wanda ya mutu, babu abin da ya ƙone, ba a yi masa komai ba. Wannan rashin dalilin shi ya fi ba mutane haushi.

A unguwarmu ai cututtuka uku ne kacal a duniya: maleriya, taifod, sai kuma "ba na asibiti ba ne". Mai kemis ɗin layinmu ya yi masa maganin maleriya sau biyu, na taifod sau uku, ya sa masa ƙarin ruwa har leda huɗu, mai kalar yalo ɗin nan da mutane suka fi yarda da shi saboda yana kama da lemo. Baba ya sha ruwa ya ƙoshi ya ci gaba da kallon bango.

Wata safiya Umma ta shiga kai masa koko, ya ce mata, ba tare da ya juyo ba, "Da ma a wayi gari kawai babu ni, ku huta." Ta fito da kofin a hannu yadda ta shiga da shi. A ranar ta aika wa limamin masallacinmu. Malam ya zo ya zauna da shi, ya yi masa addu'a, da zai fita ya tsaya a zaure ya ce wa Umma, "Addu'a ba za mu fasa ba. Amma gobe ku kai shi asibitin ƙwaƙwalwa. Wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, kuma bai ce sai a hannuna yake ba."

Asibitin ƙwaƙwalwa. Umma ta sa mai adaidaita ya tsaya can nesa da gida don kada a ji inda za mu. Ni na raka su, don ni ce babba kuma ni na gama sakandare.

Likitan ya daɗe yana hira da Baba, ya fi duk wani gwajin jini da aka taɓa yi masa tsawo. Ya ce ciwon damuwa ne, haɗe da fargaba, kuma ana warkewa. Ya rubuta magani biyu. Ɗaya fara, ƙwaya ɗaya kullum da safe. Ɗaya 'yar ƙarama yalo, ta barci, ta kwana goma kawai. Sai ya dube ni ya ce, "Ke za ki riƙe wannan maganar. Farar nan ita ce maganin. Ba za ku ga aikinta ba sai nan da sati huɗu, wataƙila shida. Farko ma tana iya tayar masa da zuciya. Kada a daina. 'Yar yalon kuwa yau za ku ga aikinta, kuma ita ce ba na so ta daɗe a gidanku. In ya sake irin maganar da ya yi wa mahaifiyarki, kada ku jira ranar dawowa, ku kawo shi."

Na dawo gida da tambaya ɗaya tana cin raina: wane irin magani ne yake shiga ciki yau amma sai bayan wata ya fara aiki? Ina yake zama duk kwanakin nan? Na zaro takardar nan ta cikin kwali, wadda kowa yake naɗe ƙuli da ita, mai rubutu ƙanana kamar ƙafar kiyashi. Kalma ɗaya in karanta, in duba ma'anarta a waya, in dawo. Daga nan na faɗa kallon bayanan likitoci har wayata ta yi zafi. Wallahi abin da na gano ya fi duk wani darasin bayoloji da aka taɓa yi mana daɗi, kuma sai kun ji shi.

Ashe ƙwaƙwalwa kamar cikin gari take, gida manne da gida. Wasu 'yan jijiyoyi ne birjik, kowace tana miƙa wa ta kusa da ita saƙo, amma ba sa taɓa juna, akwai 'yar tazara a tsakani. To kun san yadda ake miƙa wa maƙwabta kwanon tuwo ta kan katanga? Haka suke yi, sai dai su sinadari suke miƙawa. Ɗaya daga cikin sinadaran nan sunansa sirotonin, yana da hannu a yadda mutum yake jin ransa, da barcinsa, da cin abincinsa. Abin dariyar shi ne, gidan da ya miƙa kwanon ba ya haƙuri, nan da nan yake zura hannu ya janye kayansa. Aikin farar ƙwayar nan shi ne ta riƙe hannun mai janyewar, kwanon ya ɗan daɗe a kan katanga, maƙwabci ya samu ya ci.

To me ya sa ba a warkewa ranar? A nan ne na ƙara son masu ilimin nan, don sun faɗi gaskiya, sun ce su ma ba su gama sani ba. Riƙe kwanon ranar farko yake farawa. Amma kafin ƙwaƙwalwar ta saba, ta sake tsara kanta, ta gyara hanyoyin da suka toshe, sai an ɗau makonni. Kuma ba kowa ce ƙwayar farko take karɓa ba, wani sai an canza masa. Mutum ya yi shekaru yana karatu ya fito ya ce "ba mu gama sani ba". Mai kemis ɗinmu kuwa tunda aka haife ni ban taɓa jin akwai abin da bai sani ba.

'Yar yalon labarinta daban. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadarin da aikinsa birki ne, shi yake cewa jijiyoyi ku lafa. Ita 'yar yalon ba ta gyara komai, birkin kawai take taya takawa. Shi ya sa cikin ɗan lokaci faɗuwar gaba take tsayawa, jiki ya saki, ido ya rufe. Amma duk mai adaidaita ya san abin da ke faruwa da birkin da ake takawa kullum. Jiki sabawa yake yi, ɗaya ta daina isa, sai biyu, in kuma aka tsaya kwatsam bayan an daɗe ana sha, fargabar ta dawo da 'yan'uwanta. Ga tsofaffi ma tana iya sa su jiri su faɗi.

Duk wannan ina ɗauke da shi a kai, yana neman fashewa, lokacin da Gwaggo ta iso da safen nan ta ce a kawo mata maganin ta gani. Mun dawo inda na faro ke nan.

Ta haɗiye farar, ta zauna. Ta taɓa goshinta ko gumi ya fito. Ta danna cikinta. Ta tashi ta zaga tsakar gida ta dawo. Da aka yi kamar awa guda ta dubi Umma ta ce, "Alli ne. An sayar muku da allin makaranta."

Na ce, "Gwaggo, ai sai an yi makonni ana sha, saboda sinadarin..."

"Ke likitar waya, rufe mini baki. Na sha magani tun uwarki ba ta san hanyar gidan nan ba. Miƙo mini ɗayar."

Na ce ta barci ce, kuma yanzu hantsi ne. Ta ce ita barci ba ya ɗaukarta da rana ko da me. Ta dubi ƙanƙantar ƙwayar ta taɓe baki ta ce wannan ai ta jarirai ce, ta ɓalle biyu. Umma ba ta iya yi wa yayar miji musu, ni kuma an riga an rufe mini baki. Ta sha, ta gyara mayafi, ta wuce gidan suna a bayan layinmu.

Bayan azahar aka aiko a zo a ɗauke ta. Na je na tarar da Gwaggo a tsakiyar mata, ta jingina da buhun shinkafar masu jego, baki buɗe, cinyar kaza a hannu, tana minshari ana kiɗan ƙwarya a gefenta. Wata tana mata fifita, wata tana tofa mata addu'a, wata tana cewa ai dama gidan nan akwai iska. Mu uku muka tallabo ta zuwa adaidaita. Allah ya tsare ba ta faɗi ta karye ba, don ƙafafunta kamar an jiƙa tsumma.

Washegari ta dawo fes da ita, ta tsaya a tsakar gida ta yanke hukunci. "Wannan 'yar yalon," in ji ta, "ita ce magani. Ban taɓa jin ƙwaya mai albarka irinta ba. Ita za a riƙa ba shi safe da yamma. Allin nan a zubar."

Kuma kamar Baba ya haɗa baki da ita, satin farko farar ta tayar masa da zuciya, kansa ya yi ta ciwo. Gwaggo ta samu hujja. Ta ce guba ce. Na ce, "Gwaggo, shekaranjiya kin ce alli ce, ba ta komai. Yau kuma guba. Wanne za mu ɗauka?" Ta ce duka biyun, kuma in na ƙara magana za ta nuna mini ta uku.

Ga 'yan dubiya kuma. Su an ce musu hawan jini ne, don a gidanmu gara a ce mutum zuciyarsa ta kumbura da a ce ransa ne ba daɗi. Kowa ya zo da nasa. Mai tafarnuwa, mai ganyen mangwaro, mai lambar wani mutum a ƙauye da yake cire abu daga cibiya. Wani abokin Baba ya zauna a gefen katifa ya ce, "Malam, ka cire damuwa a ranka kawai." Kamar hula ce a cire a rataye. Wani kuma ya ce rashin godiya ne, mutum yana da mata da 'ya'ya da sana'a me zai dame shi. Baba yana jin su, yana kallon bango, kuma duk wanda ya fita sai ya ƙara dunƙulewa.

Ranar kwana na goma sha biyu na shiga ba shi magani da safe, na duba kan taga inda nake ajiye katin, wayam. 'Yar yalon dama ta riga ta ƙare, tunda ta kwana goma ce kuma Gwaggo ta sha biyu daga ciki, kuma Baba ya koma juyi, barcin ba ya nisa. Umma ta sunkuyar da kai ta ce Gwaggo ta tafi da farar jiya da yamma, kuma ta ce yau za ta biya wurin mai kemis ta sayo 'yar yalon kwali guda. Zai kuwa sayar mata, ba takarda ba tambaya, har ya ƙara mata da na ƙarin jini.

Ban ko sha koko ba na zura hijabi na nufi Madabo a ƙafa.

Na same ta a ɗakinta tana aikinta. Gwaggo humra take haɗawa da turaren wuta, a wurin dangin marigayi mijinta ta koya, mutanen Borno ne da suka daɗe a cikin gari. Amaren unguwa uku wurinta suke saye. Kwalabe ne jere a ƙarƙashin gado, kowace an toshe bakinta an ɗaure da tsumma. Gwangwanin madarar yana kan kwaba, na san katin Baba yana ciki, tsakanin ja-da-yalo da ɗan kore.

Na gaishe ta, na durƙusa, na fara. Na yi mata bayanin jijiyoyi. Na yi mata na sirotonin, ta ce sunan kamar na aljani. Na kawo mata misalin kwanon tuwo da katanga, wanda nake ji da shi, ta ce ita a lungunsu babu marar mutuncin da yake janye kwano kafin a cinye, sai dai a Gwammaja. Na kawo na birki, ta ce to ai birki ake so, mutum ba ya barci.

Sai ta ajiye abin da take yi ta ce, a hankali, "Ke yarinya ce. Ni na goya shi a bayan nan. Ina kallonsa yana narkewa kamar sabulu, ki ce in zauna in jira alli? Wannan ko ba komai na ga ta sa shi barci."

A nan na gane ba taurin kai kaɗai ba ne, tsoro ne. Kuma na gane duk karatun wayata bai tsinana mini komai ba a ɗakin nan. Ina durƙushe, idona ya faɗa kan kwalaben ƙarƙashin gado. Na miƙa hannu na jawo ta gaba-gaba, wadda tsummanta yake sabo, na kwance, na buɗe.

"Ke, me kike yi?"

Na shinshina. Na yamutsa fuska yadda take yi. Na ce, "Gwaggo, wannan ba humra ba ce. Ruwa ne da itace. An cuce ki. Bari in zubar miki a kwata."

Na miƙe da kwalbar na nufi ƙofa. Ban taɓa sanin Gwaggo tana da sauri haka ba. Ta cafke hannuna ta ƙwace kwalbar ta rungume.

"Ke mahaukaciyar ina ce? Kwananta uku da haɗawa. Sandal ɗin bai saki ba, farcen turaren bai jiƙu ba. Wa yake shinshina humra a kwana uku ya yanke mata hukunci? Sai ta yi arba'in a rufe kafin ta tsumu. Kin ma buɗe mini ita iska ta shiga."

Na ce, "To ai ban ji komai ba."

"Don ba ki ji ba sai aka ce ba ta aiki? Tana can tana yi a ciki, jahila."

Na tsura mata ido. Ta dubi kwalbar, ta dubi gwangwanin kan kwaba, ta dube ni. Na ce, "Ta Baba yau kwananta goma sha biyu. Ke kuma awa ɗaya kika ba ta."

Ta ɗaure kwalbarta tsaf, ta mayar ƙarƙashin gado. Can ta sauko da gwangwanin ta tona ta zaro katin ta wurgo mini a cinya. "Arba'in," ta ce. "Daga ranar da ya fara. In ta cika ƙanena yana kallon bango, da ke da wayar taki da allin duk a kwata zan zuba ku." Na ce da sharaɗin ba za a sayo 'yar yalon ba. Ta ce in tashi in ba ta wuri kafin ta canza ra'ayi.

Kwanakin da suka biyo baya ba su da daɗin ba da labari. Mun koma asibiti, likita ya sake doguwar hira da Baba, ya ce barcin zai dawo a hankali, a riƙa fito da shi tsakar gida ya sha rana da safe. Tashin zuciyar ya tafi. Ya fara cin rabin tuwo. Ni kaina wasu ranakun sai in kalli farar ƙwayar a tafin hannuna in ce anya ba allin ba ce kuwa. Gwaggo kuma kullum tana tafe da wani jiƙo a galan, ta leƙa ɗaki, ta fito ta ce mini, "Likitar waya, yau ashirin da shida." Ba ta taɓa ɓata lissafi ba.

Ranar talatin da uku Alhamis ce. Umma ta haɗa wanki, ta ga hular Baba ta Juma'a, wata kube da yake ji da ita, ta yi datti a rataye, sai ta jefa ta cikin baho tare da zannuwa. Ta cuɗe ta, ta matse, ta maƙale ta a igiya da abin shanya. Baba yana zaune a kan tabarma yana shan rana kamar kullum, shiru. Sai muka ji murya.

"Wa ya matse hular nan?"

Umma ta juyo da kumfa a hannu.

"Na ce wa ya matse ta? Hula ake matsewa kamar tsumman goge ɗaki? Shekara nawa kina gidan nan, kin taɓa ganin na rataye hula a igiya? Dubi bakinta yadda ya karkace. Wannan zaren in ya saki wa zai mayar? Ke, kawo mini ruwa a roba da buroshi. A duba zaure a ɗauko mini ice. Sitatin ma na san an bar shi a buɗe ya sha iska, gidan nan ba a iya rufe komai."

Ya yi mita ta kai minti goma ba numfashi. Ya haɗa da butar da aka bari a hanya. Umma ta shige kicin, na bi ta, na same ta ta toshe baki da gefen zani, tana dariya hawaye na zuba. Ta ce, "Ki ji shi. Ki ji masifaffen nan ya dawo."

Bai warke ranar ba, kada in yi muku ƙarya. Washegari ya sake yin shiru. Amma bayan kwana biyu ya buɗe shago da hantsi, huluna biyar kawai ya wanke ya dawo ya kwanta. A satin ya zauna a majalisa.

Ranar arba'in cif Gwaggo ta iso da gwangwaninta a cikin mayafi. Ta zauna ta sanar da gida cewa jiƙonta ya yi aiki, Alhamdulillahi, allin ma ba laifi ya ɗan taimaka. Sai ta buɗe murfi ta miƙo. "Tunda ya warke, a zuba mini ragowar. Akwai wata a lungunmu tun da mijinta ya rasu ba ta magana."

Na ja numfashi zan fara, don wannan babin ma na karanta shi: ba a dainawa don an ji sauƙi, ciwon dawowa yake yi, kuma ko lokacin dainawar ya yi a hankali likita yake ragewa. Ban samu na ce komai ba. Baba ne ya ɗago daga hular da yake gogewa.

"Yaya, mayar da murfin. Likita ya ce wata shida ko fiye, kuma shi zai ce a tsaya, ba ni ba, ba ke ba." Ya miƙa hannu kan taga ya ɗauki katin ya sa a aljihun gaban rigarsa ya dafe. "Ita kuma baiwar Allahn nan, kada ki ba ta komai daga gwangwanin nan. A kai ta inda aka kai ni. In 'yan'uwanta suna jin kunya, ki ce musu ƙaninki ma can ya je. Ba hawan jini ba ne, ki faɗa musu sunansa."

Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa. Ta rufe gwangwaninta, ta ce yaran zamani ba su da ta ido, mutumin da ya haura hamsin take nufi. Da za ta tafi ta kira ni zaure ta tambaye ni wace rana ake ganin likitan, kuma a wace ƙofa mai adaidaita zai sauke su.

Gwangwanin dai yana nan a kan kwaba, ban ci wannan yaƙin ba tukuna. To ku fa? Na san ba gidanmu kaɗai ke da irinsa ba. Wace ce Gwaggon gidanku, kuma me ta taɓa ɗanɗanawa? In kuma a gidanku an taɓa zaman jiran irin wannan ƙwayar, ko ku da kanku kuka sha, ku ba ni labari: sati nawa kuka yi, wa ya so ya hana, kuma da me kuka fara gane mutuminku ya dawo?